Ɗan Rakiyar da Ya Koma Gadin Sama

A shekarar 1941 maƙerar jiragen ruwa ta Smiths Dock, da ke arewa maso gabashin Ingila, ta gangarar da wani ɗan ƙaramin jirgin yaƙi cikin ruwa. Tsawonsa mita 62 ne da 'yan kai, nauyinsa bai cika tan 1,000 ba, in kuma ya ƙure gudu ba ya wuce mil 16 na teku a awa guda. Sojan ruwan Birtaniya suka raɗa masa suna Snowflake, sunan wani ɗan farin fure, don shi da 'yan uwansa sunayen furanni aka ba su. A 1947 aka kwance masa bindigogi, aka sake masa suna Weather Watcher, mai sa ido kan yanayi ke nan, aka aika shi tsakiyar Tekun Atilantika. A 1962 aka sassare shi a Dublin, aka sayar da ƙarfen. Shekara 21 ya yi a duniya, ayyuka biyu ya riƙe, dukansu irin waɗanda maroƙi ba ya wasa mai yin su. Na farko rakiya, na biyu tsayuwa.

Asalinsa ma ba na gidan yaƙi ba ne. Da yaƙi ya ƙarato a 1939, Birtaniya ta ga ba ta da isassun jiragen da za su raka na 'yan kasuwa, sai wani injiniyan Smiths Dock mai suna William Reed ya ɗauko zanen jirgin farautar manyan kifayen teku, Southern Pride, ya ƙara masa tsawo. Aka ɗora bindiga ɗaya a gaba, aka jera gangunan nakiya a baya, aka sa injin tururi irin na da, wanda kowane makanikin jirgin kamun kifi ya san ciki da wajensa. Ƙananan maƙeru ma suna iya ƙera shi, ga sauri ga araha, shi ya sa aka yi kusan 300 tsakanin Birtaniya da Kanada. Irinsu ake kira korbet. Don sintirin bakin gaɓa aka yi su. Amma da Faransa ta faɗi a Yunin 1940, jiragen nutson Jamus suka samu masauki a Lorient da Brest da Saint-Nazaire, yaƙi ya koma tsakiyar teku, korbet ma dole ya bi.

Waɗanda suka zauna a cikinsa sun sha bayyana yadda zaman yake. Jirgi ne mai tangaɗi ko da teku na kwance, balle ta tashi. Ruwa yana shiga ɗakin kwana, tufafi ba sa bushewa, burodi yana yin fumfuna tun tafiya ba ta yi nisa ba, sai a koma kan naman gwangwani da biskit. Da aka riƙa ƙara masa na'urori sai mutane suka ƙaru har suka haura 80, a wurin da tun farko ba a yi shi don su ba. Jirgin nutson da yake tsaron ayari daga gare shi kuwa, in ya taso saman ruwa, ya fi shi gudu.

To me zai yi ke nan? Rakiya aiki ne da ake aunawa da wani. Mayaƙi ana ƙirga masa abin da ya kashe, ɗan rakiya kuwa abin da ya isa ake ƙirga masa. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun san wannan lissafi. Akwai madugu, akwai jagaba a gaba, akwai masu tsaron baya, ayari kuma tafiyar jakin da ya fi rauni yake yi. In an sauka zango na ƙarshe ba wanda zai tambayi mai kwari da baka 'yan fashi nawa ya harba. Kaya za a ƙirga, da mutane. Haka yake a rubuce cikin umarnin da aka ba jiragen rakiya na Atilantika: abin da ke gaba da komai shi ne ayari ya isa lafiya, kuma a kan lokaci. Alkama da man fetur da ƙarfe daga Amurka da Kanada, gyaɗa da kuza da manja daga ɓangarenmu ta hanyar Firitawun, duk a irin wannan ayari suka shiga Birtaniya. Ranar da ɗan rakiya ya fi yin nasara ita ce ranar da babu labarin da za a bayar.

Snowflake ya fara ɗanɗana Tekun Arewa mai ƙanƙara. A ƙarshen Afrilun 1942 yana cikin masu raka ayarin QP 11 daga Murmansk, tafiyar da babban jirgin yaƙi Edinburgh ya nutse a cikinta da zinaren Tarayyar Sobiyet a cikinsa. Amma abin da ya sa sunansa ya shiga littattafan tarihi ayarin ONS 5 ne.

Ranar 21 ga Afrilu 1943 ayarin ya bar Liverpool zuwa Halifax ta Kanada, jiragen kasuwa 40 da 'yan kai, galibinsu tsofaffi marasa gudu, da yawa babu kaya a cikinsu, za su je ɗaukowa ne. Rukunin rakiya na B7 ne ke tare da su ƙarƙashin Kwamanda Peter Gretton, wanda ke cikin jirgin Duncan. Akwai Vidette da Tay, da korbet huɗu, Sunflower da Loosestrife da Pink da Snowflake, sai jiragen kamun kifi biyu, Northern Gem da Northern Spray, da aka ware don tsamo waɗanda jirginsu ya nutse. Kyaftin ɗin Snowflake wani laftanar ne ɗan Ostareliya, Harold Chesterman, wanda bai kai shekara 30 ba.

Kafin Jamusawa su yi musu komai, iska ta fara. Guguwa ta taso musu a kudancin Aisilan da Girinlan, ta wargaza sahu, har akwai ranar da ayarin kusan a tsaye yake wuri ɗaya. Taguwar ruwa ta hana shan mai daga tanka. Ranar 3 ga Mayu man Duncan ya kusa ƙarewa, dole Gretton ya bar ayarinsa ya nufi St. John's, ragama ta koma hannun Robert Sherwood na jirgin Tay. A gabansu kuwa, a yankin nan na kudu da Girinlan da jiragen sama masu kariya ba sa cika kaiwa, jiragen nutso kimanin 40 sun ja daga. Tsakanin 4 da 5 ga Mayu suka shiga ayarin suna zaɓa. Jimillar jiragen kasuwar da aka rasa a tafiyar ta kai 13. Northern Spray shi kaɗai ya tsamo mutane fiye da 100.

Da yammacin 5 ga wata hazo ya sauko, mai kauri, irin na gaɓar Newfoundland. Shi ya juya yaƙin. Jamusawa da ido suke farauta a saman ruwa da dare, yanzu ido ya mutu. Jiragen rakiya kuwa suna ɗauke da sabuwar rada samfurin 271, wadda ke hango ƙaramar hasumiyar jirgin nutso a cikin duhu da hazo. A wannan dare an kawo wa ayarin hari fiye da sau 20, ba jirgin kasuwa ko ɗaya da aka taɓa.

Wajen ƙarfe uku na dare jirgin Oribi, wanda ya kawo ɗauki, ya afka wa jirgin nutson Jamus U-125 da gaba, ya wuce yana zaton ya nutsar da shi. Bai nutse ba, amma ba ya iya nutso kuma. Kyaftin ɗinsa, Ulrich Folkers, ya nemi taimako ta rediyo, aka tura 'yan uwansa nemansa, ba su gan shi ba. Kafin ƙarfe huɗu radar Snowflake ta kama shi. Chesterman ya matso har tazarar kamar mita 100, aka kunna fitilar haskawa, sai ga jirgin a ragargaje. Mutanen cikinsa suka tayar da nakiyoyin da za su nutsar da shi da hannunsu, suka faɗa ruwa. Haske na kansu, ana ganinsu, ana jin muryoyinsu. Chesterman ya aika wa Tay tambaya ko ya tsamo su. Amsa ta dawo cewa ba a amince a ɗebi kowa ba. Aka kashe fitila, Snowflake ya juya ya koma gurbinsa a gefen ayari. Mutum 54 ne a cikin U-125, ba wanda ya tsira.

Ba na iya wuce wannan wuri da sauri. Dalilan Sherwood a fili suke. Jirgin da ya tsaya cak da fitila a kunne ya miƙa wuyansa ke nan, alhali wasu jiragen nutson na kewaye. Gurbin da ya bari ƙofa ce a buɗe zuwa ga ɗaruruwan ma'aikatan jiragen kasuwa da ba su da abin kare kansu. Waɗanda ke cikin ruwan kuma su ne suka shekara suna nutsar da irin waɗannan mutane. A ɗaya ɓangaren ma an riga an rufe wannan ƙofa: a Satumban 1942, bayan Werner Hartenstein na U-156 ya tsaya tsamo mutanen jirgin Laconia a tekun yammacin Afirka, jirgin saman Amurka ya jefa masa bom yana cikin aikin, sai Karl Dönitz, shugaban jiragen nutson Jamus, ya hana jiragensa ceton kowa. Duk wannan gaskiya ne, ba kuma zan kira Sherwood azzalumi ba. Amma ba zan yarda a ce ba abin da ya faru ba. Saurayi ya ga mutane suna mutuwa a gabansa, zuciyarsa ta ce ya miƙa hannu, ya tambaya, aikinsa ya hana shi. A nan ake ganin iyakar rakiya. Amana ce, amma amanar wasu mutane ƙididdigaggu. Da zarar ka ce waɗannan nake rakawa, ka riga ka faɗi waɗanda ba ka rakawa, ko da suna kiranka daga nisan jifa.

Jiragen nutso aƙalla 6 Jamus ta rasa a kan ONS 5, sama da 40 kuma a watan Mayun gaba ɗaya. Ranar 24 ga wata Dönitz ya janye jiragensa daga arewacin Atilantika. Masana tarihi da yawa daga wannan ayari suke fara ƙirga juyawar yaƙin teku.

Abin lura a labarin shi ne iska da hazo sun yi hukunci fiye da bindiga, kowa kuma ya san haka, shi ya sa yanayi ya zama sirrin yaƙi. Tun daga 1939 aka daina karanta hasashen yanayi a rediyon Birtaniya. Yanayin Turai daga yamma yake zuwa, daga kan teku, saboda haka Jamus ta riƙa ɓoye jiragen kamun kifi a arewa suna auna mata iska. Birtaniya ta kama biyu a 1941, München a Mayu da Lauenburg a Yuni, don takardun da ke cikinsu na sirrin Enigma, na'urar da Jamus ke murɗa saƙonninta da ita. Amurka ta rasa jirginta na yanayi, Muskeget, a Satumban 1942 da mutum 121. Saukar sojojin ƙawance a Normandi kanta an ɗage ta daga 5 zuwa 6 ga Yuni 1944 bisa maganar masanin yanayi James Stagg. A waɗannan shekaru wanda ya san nauyin iska a tsakiyar teku ɓoyewa yake yi kamar makami.

Da yaƙi ya ƙare sai buƙata ta juya. Jiragen saman fasinja sun fara ratsa Atilantika kullum, masu farfela ne, ba sa tashi sama da guguwa, man da suke ɗauka kuma ƙididdigagge ne. Matuƙi yana bukatar sanin iskar da zai tarar a hanya kafin ya tashi daga Gander ko Shannon. A Satumban 1946 ƙasashe suka zauna a Landan suka amince a kafa tashoshi 13 a kan teku, kowace da jirgin ruwa a kanta dare da rana. Birtaniya ta ɗauki biyu, tashar I a kudu da Aisilan da tashar J a yamma da Ayalan. Kuɗi babu, amma korbet suna jibge a tashoshi ba aikin yi. Aka zaɓi huɗu: Marguerite ya zama Weather Observer, Genista ya zama Weather Recorder, Thyme ya zama Weather Explorer, Snowflake ya zama Weather Watcher. Aka ba su masauki a Greenock ta Sikotilan, ma'aikatansu farar hula, ƙarƙashin ofishin yanayi na ma'aikatar jiragen sama. A inda gangunan nakiya suke aka gina rumfar hura balan-balan.

Tsayuwa aka ce aikinsa, amma jirgi ba ya tsayawa a teku. Zurfin wurin ya fi ƙarfin kowace anga. Abin da ake kira tasha ɗigo ne a taswira, da ɗan fili mai mil 10 kowane gefe kewaye da shi, ba tudu, ba alama, ruwa ne irin na ko'ina. Sai a kashe inji a bar iska ta tura jirgin, in ya kusa fita daga filin a tayar, a koma sama da iska, a sake sakinsa. In guguwa ta zo, kowane kyaftin mai hankali kauce mata yake yi, wannan kuwa juya mata goshi zai yi ya zauna, don ita aka aiko shi ya auna. Kimanin mako uku ake yi a haka kafin mai canji ya iso. Tsayuwar da sai an yi ta sabunta ta kowace awa ce, kuma a ganina ta fi tafiya wuya, don mai tafiya yana da inda yake sa ran isa.

A duba aikin kusa. Tsakar dare, jirgi na tangaɗi, mutum biyu ko uku suna cikin rumfar baya suna hura balan-balan da iskar haidurojin, wadda ƙyastu ɗaya ya isa ta kama da wuta. In ta cika ta fi mutum faɗi. A ƙasanta an ɗaure ɗan akwati mai auna zafi da laima da nauyin iska, da wani faifai mai ƙyalli da rada za ta riƙa bi. Kyaftin ya juya jirgi yadda iska za ta ɗauke ta ba tare da ta maƙale a igiya ko sanda ba, a buɗe ƙofa, a jira jirgi ya ɗago kan taguwa, a saki. In ta fashe a bakin ƙofa a sake hura wata. In ta tashi, wani na zaune da abin saurare a kunne yana rubuta abin da akwatin ke aikowa, wani na bin ta da rada yana fitar da gudun iska da inda ta dosa a kowane mataki, har ta haura kilomita 15 ta fashe. Ban da wannan, duk bayan 'yan awoyi wani zai fita da fitila ya karanta ma'aunin zafi, ya ɗebo ruwan teku ya auna, ya dubi gajimare, ya kimanta tsayin taguwa.

Sai a mayar da duka zuwa lambobi, biyar-biyar, a buga ta wayar iska zuwa ofishin hasashe na Dunstable, daga can su bazu duniya. Wannan ne ya fi taɓa ni a rayuwar jirgin ta biyu. 'Yan shekaru kaɗan kafin nan, a wannan ruwa, duk saƙon da ya fita daga ɗakin rediyonsa an murɗa shi ne don kada wani ya gane. Yanzu an tsara lambobin ne don kowa ya gane. Bafaranshe da ɗan Rasha da ɗan Nowe, kowa ya ga rukunin ya san wannan nauyin iska ne, wancan gajimare ne, ba tare da ya ji harshen wanda ya buga ba.

Jirgin yana kuma aika wata alama ta rediyo ba dare ba rana, mai faɗin inda yake, don jirgin sama ya daidaita hanyarsa da ita. Matuƙi zai kira, a gaya masa inda rada ta gan shi, da gudunsa, da iskar da ke gabansa. A yarjejeniyar kuma an ɗora wa jiragen yanayi aikin nema da ceto. Suna da kwale-kwale a shirye, da ragar hawa a gefe, da fitilun da za a jera a kan ruwa su zama hanyar sauka ga jirgin saman da ya rasa yadda zai yi. Ba a kan takarda abin ya tsaya ba. Ranar 14 ga Oktoba 1947 jirgin sama mai sauka a ruwa, Bermuda Sky Queen, ya ga mansa ba zai kai shi ba, ya sauka kusa da jirgin Amurka Bibb a tashar C, aka kwashe mutum 69 cikin teku mai hauka ba a rasa ko ɗaya ba. A Oktoban 1956 wani jirgin Amurka, Pontchartrain, ya tsamo mutum 31 na jirgin Pan Am a Tekun Fasifik. Ba a tambayar tutar wanda ya kira. Daga 1955 kamfanin Lufthansa ya fara kai fasinja New York, saboda haka Bajamushen matuƙin da ya bi ta kan tashar J yana da hakkin a gaya masa hanya, in kuma ya faɗo a tsamo shi, a hannun jirgin da ya kashe fitila a kan mutanen U-125. Ƙarfen bai san komai ba, ma'aikatan ma wasu ne daban. Abin da ya sauya shi ne adadin waɗanda amanar ta shafa: da ayari ne, yanzu duk wanda ya ratsa. Chesterman shi ma da ya koma gida aikin da ya ƙare a kai ke nan, kyaftin ɗin Cape Moreton, jirgin da ke kai kaya ga fitilun gaɓar Queensland.

Yaƙin bai saki kowa gaba ɗaya ba. A Satumban 1950 jirgin yanayi na Faransa, Laplace, yana dawowa daga tasha, ya taka nakiyar da ta rage tun lokacin yaƙi kusa da Saint-Malo, mutum 51 suka mutu.

Korbet ɗin sun tsufa, sun kuma yi ƙanƙanta ga aikin. Daga 1958 aka fara maye gurbinsu da manyan jiragen rakiya masu sunayen ganuwoyi, su ma ragowar yaƙi. Kafin a sassare Weather Watcher ma alamun ƙarshen aikin gaba ɗaya sun bayyana. An harba tauraron ɗan'adam na yanayi na farko, TIROS-1, ranar 1 ga Afrilu 1960, jiragen jet kuma sun fara wucewa can sama da gajimare ba sa bukatar kowa ya nuna musu hanya. Amurka ta janye yawancin jiragenta a 1974. Birtaniya ta daina a 1996. Nowe, wadda ita ma da korbet biyu na Birtaniya ta fara a 1948, ta riƙe tashar M har ƙarshen 2009, lokacin da Polarfront, jirgin yanayi na ƙarshe a duniya, ya koma gida.

Lambobin suna nan. Ma'aunin zafi da gishirin ruwa mai zurfi da aka ɗauka a tashar M na shekaru fiye da 60 yana cikin mafi tsawon irinsa, masu binciken ɗumamar teku kuma da shi suke gwada na yau. Na'urar auna taguwa da aka maƙala wa Weather Explorer, ɗan uwan Snowflake, da kuma wani jirgin yanayi, Weather Reporter, daga baya, ita ta ba Willard Pierson da Lionel Moskowitz na Jami'ar New York abin da suka gina lissafinsu na 1964 a kai, wanda ke nuna irin taguwar da iska mai gudu kaza za ta tayar in ta daɗe tana kaɗawa. Injiniyoyin da ke zana jiragen ruwa da dandamalin haƙar mai a teku har yanzu suna aiki da wannan lissafi.